Saƙon godiya ga waɗanda suka tsaya mini a kan lalurar ciwon suga

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata ga 'yan'uwa da abokan arziki na nan Jos waɗanda suka yi ta sintiri da kiran waya tun da likita ya tabbatar mini cewa ina da ciwon suga nau'i na biyu.

Ƙishirwa da yawan fitsarin dare da ramar da suka kai ni asibiti ba su girgiza ni ba kamar yadda jin sunan cutar ya yi. An bayyana mini cewa idan gwajin sugan jini na safe kafin a ci komai ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, aka maimaita kuma aka sake samun haka, to ciwon ya tabbata, nawa kuwa ya zarce nan nesa. Na koma gida babu abin da nake tunawa sai waɗanda na sani da aka yanke wa ƙafa, har na ƙaurace wa majalisa, barci ma ya gagare ni.

Ina gode wa likitan da bai sallame ni da takardar magani kawai ba, ya zauna ya fahimtar da ni cewa lalacewar ido da ƙoda da ƙafa galibi kan biyo bayan shekaru ne na sugan da aka bari ba kulawa, kuma da maganin rage suga na Metformin da tattaki da gyaran abinci mutum zai ci gaba da harkokinsa.

Uwargida kuwa, ban san da bakin da zan gode mata ba. Ba ta taɓa ware mini kwano a matsayin mara lafiya ba; tukunyar gidan gaba ɗaya ta sauya, ta rage tuwon shinkafa, ta ƙara gwaten acha da ganyen da take sayowa a kasuwar Farin Gada, yara suka ɗan yi ƙorafi, daga baya suka saba.

Sai Baba maƙwabcinmu, wanda ya daɗe da wannan lalura. Ranar da ya zo duba ni bai yi mini wa'azi ba. Ya ciro na'urar gwaji daga aljihun babbar rigarsa, ya soki gefen yatsarsa a gabana, ya nuna mini lambar, sannan ya ce in tashi mu taka zuwa masallaci. A daren na yi barci.

Ga masu aiko mini da jiƙo da garin magani, na san ƙauna ce ta sa, amma ina roƙon a dakata, domin likita ya gargaɗe ni kada in haɗa su da maganin asibiti ba da saninsa ba. Batun azumi ma da shi zan tattauna kafin Ramadan. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.