Memphis: Na Bi Sawun Rufus Thomas Daga Rediyo Zuwa Sun da Stax

Yawancin baƙin da ke zuwa Memphis, a jihar Tennessee ta Amurka, gidan mawaƙi Elvis Presley suke nufa. Ni kuwa sawun Rufus Thomas na bi, mawaƙi kuma mai gabatar da shiri a rediyon WDIA tun 1951, wanda ya rasu a 2001. Kamfanonin faifai biyu da suka ɗaga sunan garin, Sun da Stax, kowannensu da muryarsa ya fara samun kasuwa.

Wani dattijo mai tasi, baƙar fata, shi ya zagaya da ni, kuma da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ƙi karɓar kuɗin jira. Ya ce a gidansu akwatin rediyo ba ya barin 1070, lambar da ake kama WDIA. WDIA ta buɗe a 1947 tana asara, sai a 1948 ta ba malamin makaranta Nat D. Williams shiri, daga nan ta koma tashar baƙaƙen fata gaba ɗaya. A 1954 ƙarfinta ya kai wat 50,000, ana kama ta har gonakin auduga na Mississippi. Duk da wannan suna, Rufus ya shafe sama da shekara 20 yana aiki a masaƙa saboda albashin rediyo ba ya riƙe gida. Ma'aikatan gidajen rediyonmu na Kano da Kaduna sun san wannan labari sarai.

Ɗakin ɗaukar sauti na Sun na lamba 706 a titin Union. Ƙanƙantar ɗakin ta ba ni mamaki, faɗinsa bai wuce ƙafa 18 ba. Sam Phillips, wanda shi ma daga aikin rediyo ya fito, ya buɗe shi a 1950, ya karkata silin, ya lulluɓe bango da allunan shanye sauti don kada murya ta riƙa kai-komo. A layi ɗaya ake ɗaukar komai: in mai ganga ya kuskure, kowa ya koma farko, in kuma jita ta danne mawaƙi sai dai a matsar da mai jitar nesa da makirufo. Amsa-kuwwar da aka san Sun da ita daga rikoda biyu ta fito. A kan tef akwai kan da ke ɗauka da kan da ke saurare, da 'yar tazara tsakaninsu, don haka sautin yakan dawo a makare da abin da bai kai rubu'in sakan ba, sai a haɗa shi da na asali a rikoda ta biyu. In jinkirin ya yi yawa, murya ta rabu biyu ta lalace.

A nan Rufus ya yi faifansa na 1953, wanda ya karɓu sosai, amma karinsa na wata waƙa ne da ke tashe, aka kai Phillips ƙara ya biya. A 1955 Phillips ya sayar wa kamfanin RCA kwantiragin Elvis a kan dala 35,000. Abin da ya ɓata min rai shi ne mai yi mana jagora ya ba Elvis kusan duk lokacin, Rufus kuwa jimla biyu. Kuɗin shiga da sauƙi, amma farashin riguna a shagonsu zalunci ne.

Stax tsohon gidan silima ne a titin McLemore. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton suka cire kujeru a 1960, suka bar daɓen a gangare saboda rashin kuɗi, wannan gangaren ya ba ɗakin sauti mai kauri. A shekarar Rufus da 'yarsa Carla suka yi faifan da ya jawo hankalin kamfanin Atlantic. Yarjejeniyar da Stax ya sa wa hannu a 1965 ita ta mallaka wa Atlantic ainihin tef-tef ɗin waƙoƙinsa, ba a gane ba sai 1968. Mawaƙanmu su karanta takarda kafin su sa hannu. Kamfanin Stax ya durƙushe a 1975, aka rushe ginin a 1989. Wanda ake shiga yau gidan tarihi ne da aka buɗe a 2003.

Titin Beale da dare hayaniya ce da giya, gasasshen naman garin kuma yawanci alade ne, Musulmi ya nemi kifi. Royal Studios, inda Al Green ya yi waƙoƙinsa, daga waje na gan shi domin har yanzu ana aiki a ciki.