Ranar da na kai yarana sauraron kiɗan Latin Amurka na okestira

Na daɗe ina zaune a wani gari na Amurka da ke da babbar ƙungiyar makaɗa ta okestira, amma ban taɓa taka zaurensu ba, domin a ganina wuri ne na dattawa masu kwat da wando waɗanda ko tari ba sa son ji. Babbar 'yata ce, mai shekara 11, ta zo da takarda daga makaranta mai cewa za a yi wa iyalai kiɗa na musamman wata Asabar da hantsi, na tsawon awa ɗaya, kuma duk abin da za a kaɗa ya samo asali ne daga raye-rayen Latin Amurka. Na sayi tikiti biyar a bene na sama saboda can ne ya fi araha, zuciyata cike da fargabar yadda autanmu mai shekara 5 zai zauna wuri ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne irin shirin da na yi musu. Mako guda ina tara su bayan cin abincin dare ina karanto musu cewa an haifi Arturo Márquez a jihar Sonora ta ƙasar Meziko a 1950, cewa an fara kaɗa Danzón na 2 da ya tsara a 1994, cewa Moncayo, wani mai tsara kiɗa ɗan Meziko, ya rubuta kiɗan Huapango a 1941, su kuwa suna ta hamma suna kallon ƙofa. Mahaifiyarsu ta ce da ni, "Malam, da ka kunna musu sun ji da kunnensu, ai da ya fi wannan karatun." Na yi kunnen uwar shegu da shawararta.

Mun isa da wuri, muka tarar an jera kayan kiɗa a farfajiyar zauren domin yara su taɓa. Manyan biyu suka yi wajen goge, auta kuwa ya damƙi wasu gajerun sanduna biyu na katako mai tauri da ake kira kilabe, aka nuna masa yadda zai kwantar da ɗaya a kan tafin hannu ya ɗan lanƙwasa yatsu don sautin ya fito tas, sannan ya buga da ɗayan. Da ƙyar muka raba shi da su. Kujerun da na saya don arha kuma sai suka zama mafi alheri, domin daga sama muna hangen masu ganguna da ke can baya, waɗanda mutanen layin gaba ba sa ganinsu sam.

Da Danzón na 2 aka buɗe. Yana farawa a hankali da busa guda ɗaya mai taushi, da fiyano, da waɗannan sanduna biyu suna bugu biyar a kowane zagaye, a rabe gida biyu da uku, kuma a kan wannan ɗan bugun ne makaɗa da yawa suke hawa ɗaya bayan ɗaya har kiɗan ya cika zaure. Auta ya gane sandunansa nan take, ya miƙe yana nunawa, sannan ya zauna yana bin bugun a kan gwiwarsa har kusan minti 10 da kiɗan ya ɗauka. Madugun makaɗan ya bayyana cewa rawar danzón ta fito ne daga garin Matanzas na ƙasar Kyuba a 1879, ta haye teku zuwa Veracruz da birnin Meziko, kuma tushen bugun yana tare da 'yan Afirka da aka kai tsibirin a matsayin bayi, musamman daga ƙasar Yarabawa da yankin Kongo. Ni kaina na ji abin bai yi wa kunnena baƙunta ba, haka nan dogon goran da aka yi wa tsage ana karce shi da tsinke ya tuna mini shantu.

Inda madugun ya fi burge ni shi ne wajen kiɗan Heitor Villa-Lobos na ƙasar Barazil, wanda ya tsara a 1930. Bai faɗi sunan kiɗan ba, sai ya ce yara su saurara su gaya masa abin da suka ji. Kayan girgizawa da na karcewa suka fara huci a hankali, saurin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, masu goge suka ɗora wata waƙa mai daɗi a sama, can kuma aka ji kamar ƙarfe yana gogar ƙarfe ana taka birki. Tun ba a yi nisa ba na tsakiyan ya ja mini hannun riga ya ce, "Baba, jirgin ƙasa ne!" Gaskiyarsa kuwa, ƙaramin jirgin mutanen karkara ne ake kwatantawa. Mutumin nan ya bari sai da kunne ya kama, sannan ya zo da suna da shekara, ni kuwa da shekarar na fara.

Matsalar ta zo ne a Malambo na Alberto Ginastera, rawar makiyayan shanu na filayen Ajantina inda maza ke gasar dukan ƙasa da ƙafa. Ganguna da ƙahonnin tagulla suka tashi gaba ɗaya da ƙarfin da ban yi zato ba, auta ya toshe kunnuwansa ya fashe da kuka, mahaifiyarsa ta ɗauke shi tana ratsa mutane bakwai kafin ta kai hanya, domin a tsakiyar layi na zaunar da mu. Babu wanda ya harare mu, amma na lura cewa iyayen da suka saba zuwa sun zaɓi kujerun bakin hanya, wasu ma sun sanya wa ƙananansu marufin kunne mai rage ƙara. Ya dawo daidai lokacin da ake koya wa jama'a ɗaga murya su ce "Mambo" a kiɗan Leonard Bernstein na 1957, kuma wannan ihun ya share masa hawaye. A ra'ayina Huapango da aka rufe da shi ya fi zaƙi, musamman inda ƙaho biyu ke mayar wa juna magana kamar mawaƙi da 'yan amshinsa, sai dai yaran sun gaji a lokacin, wanda ya nuna mini cewa awa ɗayan nan ba a banza aka ƙayyade ta ba.

Washegari da safe na tarar da auta a kicin da cokulan katako biyu yana bugu biyu da uku, yayarsa tana gyara masa inda ya kuskure. Da ta gan ni sai ta ce, "Baba, mutumin da ya yi kiɗan sandunan nan, yaushe ka ce an haife shi?" Na ce mata a 1950. Ta ɗan yi lissafi da yatsunta, sannan ta ce, "Ashe tsaran Kakanmu ne."