Na bar shago na shiga siyasa: abin da na tarar a kujerar kansila

A Kano, da zarar kasuwarka ta fara kauri, an ga ka sauya mota, ka yi wa masallacin unguwa fenti, ka fara rabon gero da sukari da azumi, to ka zauna da shirinka, tawaga na nan tafe. Ni ma haka aka yi min. Atamfa da shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, tun ina yaron shago har Allah ya buɗa na tsaya da ƙafata, 'yan sari daga Nijar da Chadi da Kamaru suna sauka a wajena. Dattawan jam'iyya na mazaɓarmu suka zo da maganar da ake yi wa kowane ɗan kasuwa: wanda ya iya juya dukiyarsa zai iya riƙe ta jama'a, kuma mai abin hannunsa ba ya cin amana. Suka zana min hanya tiryan-tiryan: kansila, ciyaman, majalisar jiha ko ta tarayya, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Maganar tana da daɗin ji, amma tarihin garin nan bai goyi bayanta sosai ba. Duk da Kano cibiyar kasuwanci ce, galibin zaɓaɓɓun gwamnoninta daga aikin gwamnati ko aikin boko suka fito. Kabiru Gaya masanin zanen gine-gine ne, Rabi'u Musa Kwankwaso da Abba Kabir Yusuf injiniyoyi ne da suka yi aiki a hukumar ruwa, Malam Ibrahim Shekarau malamin makaranta ne, Abdullahi Umar Ganduje tsohon ma'aikaci ne. Manyan 'yan kasuwa sun leƙa, ba a ce ba su leƙa ba: marigayi Alhaji Aminu Dantata ya yi kwamishina a zamanin Audu Bako, marigayi Bashir Tofa ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC a 1993. Amma akasarin attajiranmu sun fi son su tsaya a bayan fage, su ba da gudummawa ga wannan ɓangare da wancan, su koma harkarsu. A da ina ɗaukar hakan rowa ce ko tsoro. Yanzu na san lissafi ne.

Shiga ma kuɗi ce. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sa na gwamna miliyan 21. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2024 hukumar zaɓen jiha ta fara yanka miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, har maganar ta kai kotu. Fom ɗin kuwa shi ne ƙaramin abu. Akwai fosta, akwai hayar ofis da kujeru, akwai shugabannin akwatuna, akwai ejan-ejan na ranar zaɓe, akwai mata masu shiga gida-gida, akwai sojojin baka da za su kare ka a rediyo da daddare, akwai kuma samarin da ba ka gayyace su ba amma ba ka isa ka sallame su hannu rabbana ba. Wannan ne ya sa ake neman ɗan kasuwa tun farko. Shi zai ɗauki nauyin kansa, har ya ɗan tallafa wa tafiyar manya.

Na ci zaɓe a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni da kewaye, na zama ɗaya daga cikin kansilolin mazaɓu 484 na jihar. Abu na farko da aka miƙo min bayan rantsuwa shi ne takardar bayyana kadarori. Tsarin mulkin 1999 ya sa shugabanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin jerin masu riƙe da muƙamin gwamnati, kuma ya hana mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na kansa, in banda noma. Da yawa ba sa kula da wannan, amma ko da doka ba ta hana ba, lokaci zai hana. Na damƙa wa ƙanena shaguna da sito. Yaro ne mai gaskiya, sai dai ciniki a Kwari fuska yake bi. Bafataken da ya saba ya zauna mu sha shayi, in ɗora masa dila uku bashi ya tafi Damagaram ya sayar ya aiko, in ya zo bai same ni ba sau ɗaya, sau biyu, sai ya koma layin gaba.

Aikin kansila a takarda shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma da amincewa da kasafinta da sa ido kan ciyaman. Aikin kansila a unguwa wani abu ne daban, kuma daga sallar asuba yake farawa. Kafin in dawo daga masallaci soro ya cika. Wannan da takardar magani daga asibitin Murtala, wannan an koro 'ya'yansa daga Islamiyya, wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wannan 'yan sanda sun kama ɗansa, wannan taransifomar layinsu ta ƙone wata na biyu ke nan, alhali taransifoma ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma ko kusa. Wata tsohuwa da ta goyi mahaifiyata takan zo da sandarta ta zauna a bakin ƙofa, ba ta bin layi.

"Ɗan nan, jikar tawa saura sati uku biki, ko katifa babu."

"Iya, wallahi albashin watan nan bai shigo ba."

"Ni ina ruwana da albashi? Da rana tsaka na tsaya na dangwala maka. Ko so kake in je Abuja in nemi sanatan?"

Gaskiyarta. Sanata yana da mai gadi da katanga mai tsawo da gida a Abuja. Gwamna sai a talabijin. Kansila kuwa gidansa yana lungu ɗaya da na masu zaɓensa, matarsa da matansu gidan biki ɗaya suke zuwa. Duk fushin da talaka yake yi da gwamnati, tun daga kan farashin fetur har rashin ruwan famfo, a soron kansila yake sauke shi. Albashi da alawus ba sa kai tsakiyar wata, ragowar daga shago take fitowa, daga uwar kuɗi ba daga riba ba.

Da wa'adinmu na shekara uku ya ƙare, aka naɗa ni kansila mai gafaka mai kula da ayyuka, a nan ne na ga yadda kuɗin yake tafiya. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mahauta da kwashe shara da magudanan ruwa da ƙananan tituna, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Aiki ne mai yawa. Amma sashe na 162 na wannan tsarin mulkin ya ce kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A can ake cire albashin malaman firamare da kuɗin fansho da kason masarauta da na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya saura ya sauko sakatariya, in aka biya ma'aikata, sau da yawa ba ya gina ajin makaranta biyu. Haka abin yake a kusan duk ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, ba Kano kaɗai ba.

Akwai wani kwalbati a mazaɓata da ya rufta. Duk damina ruwan unguwanni uku a nan yake haɗuwa, ya koma cikin gidaje, gidajen ƙasa suna zubewa. Na kai injiniyan ƙaramar hukuma ya auna ya yi kiyasi. Na karɓi takardar na zauna da ita da biro, saboda farashin siminti da rodi da tifar yashi ba baƙona ba ne, na gina shaguna da kuɗina. Na ga an rubuta buhunan siminti da za su gina kwalbati biyu. Na kira shi gefe.

"Injiniya, wannan lissafin na kwalbati ne ko na gada?"

Ya yi murmushi. "Honorabul, ranka ya daɗe, kafin takardar nan ta je ta dawo siminti ya tashi. Kuma ka san hannun da za ta bi ba ɗaya ba ne."

Muka rage abin da za a iya ragewa. Takarda ta shiga kwamitin kuɗi, ta samu sa hannun ciyaman da ma'aji, sannan aka tura ta sama neman amincewa, domin aikin da ya wuce wani adadi ciyaman ba shi da ikon bayarwa shi kaɗai. A Kwari in na ga shadda za ta yi tsada kafin sallah, waya ɗaya nake bugawa, kafin la'asar an tura kuɗi, kaya na hanya. A nan kuwa takarda ta tafi tun sanyi, aka yi bazara, hadari ya fara haɗowa, shiru. Na sayi buhunan yashi da kuɗina muka jera da samarin unguwa, muka yi gayya muka yashe kwata. Ruwa ya zo ya yi abin da ya saba.

Ba na cewa kasuwa ba ta amfane ni da komai ba. Sanin farashi ya hana a yi min rufa-rufa da yawa. Shekarun da na yi ina ba da bashi sun koya min gane mai cika alkawari daga yadda yake zama da yadda yake kallonka, kuma wannan ya yi min rana wajen 'yan kwangila. Haƙurin ciniki ma ya taimaka a sulhun rikicin fili da na 'yan tebur a bakin titi, inda sai ka haɗa mai unguwa da dagaci da liman kafin magana ta zauna. Amma babban abin da ɗan kasuwa yake taƙama da shi, wato yanke shawara nan take da kuɗin da yake hannunsa, shi ne ainihin abin da ba ya samu a ƙaramar hukuma. Nauyin yana ƙasa, makullin asusu yana sama.

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa kowa yake son hawa. Ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Kansila yana ganin in ya zama ciyaman zai samu iko, ciyaman ya tarar sai ya jira sa hannun wani, sai ya hango majalisa, inda ɗan majalisar tarayya yake da ayyukan mazaɓu da ake sa masa a kasafin kuɗi. Kano tana da kujeru 40 a majalisar jiha, 24 a majalisar wakilai, 3 a majalisar dattawa, gwamna ɗaya, masu nema kuwa sun fi a ƙirga. Kujerar gwamna ce kaɗai take da makulli na gaske, ita ma shekara takwas ce iyakarta, shi ya sa masu sauka suke nufar majalisar dattawa. Gaya ya yi gwamna daga 1992 zuwa 1993, ya wakilci Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023. Kwankwaso, wanda ya fara da mataimakin kakakin majalisar wakilai a 1992, ya yi gwamna sau biyu sannan ya wakilci Kano ta Tsakiya daga 2015 zuwa 2019, Shekarau ya gaje shi a kujerar. Sabo Bakin Zuwo ne ya bi hanyar ta baya, daga sanata a 1979 zuwa gwamna a 1983, sojoji suka yi juyin mulki yana wata uku a ofis.

Ni ma na nemi hawan. Na sayar da shago ɗaya na sayi fom ɗin majalisar jiha, na zagaye daliget gida-gida, kowa ya rantse min. Ana saura kwana kaɗan zaɓen fid da gwani aka kira mu gidan jagora da daddare, mu masu nema duka. Aka kawo shayi. Ya yaba wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce jam'iyya uwa ce, sannan ya ce an yi masalaha, ya ambaci sunan da ba nawa ba. Aka miƙo takardar janyewa, domin dokar zaɓe ta 2022 ta ce masalaha ba ta inganta sai duk masu takara sun amince a rubuce.

"Alhaji, kai namu ne. Ka yi haƙuri, ba za a manta da kai ba."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Na sa hannu. Wanda aka ba wa ba ɗan kasuwa ba ne, kuma bai fi ni jama'a ba, amma ya shekara da shekaru yana riƙe wa jagora jaka. Kuɗina ya kai ni bakin ƙofa, biyayyarsa ta shigar da shi ciki.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau, na yi murna da shi. Sai dai muddin jagora ne yake zaɓar wanda zai tsaya takarar ciyaman, kuɗi ko ya faɗo asusun ƙaramar hukuma kai tsaye, ciyaman zai ɗaga waya ya tambaya kafin ya taɓa shi.

Kwalbatin an gina shi daga baya, bayan na bar ofis. Ɗan majalisar tarayya ne ya sa shi cikin ayyukan mazaɓarsa, aka turo ɗan kwangila daga Abuja, aka kafa allo da hotonsa. Da na ga kuɗin da aka ware wa aikin, ya zarce kiyasin farko na injiniya, wanda na zauna da biro ina ragewa.