Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bakin Kasuwa

Makon jiya na ce zan ba da labarin yadda aka kai ni ɗakin miji, amma wata magana ta tokare mini ƙirji tun ranar sunan jikata, sai na amayar da ita tukuna. Baffa ƙarami ya shigo yi wa mai jego barka, ya gaisa da 'ya'yana da Fillanci, suka sunkuyar da kai ba amsa. Sai ya juyo gare ni, tsakar gida cike da mata, ya ce, "Ke kika zubar mana da yare. Ai a nonon uwa ake shan harshe." Da Hausa fa ya gaya mini wannan. Ƙanin mahaifi ne, na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa," na koma wajen tukwane.

Goggo, Allah ya jiƙanta, takan ce namiji ba ya tuɓe bakin kasuwa a ƙofar gida. Ina yarinya na ɗauka faɗa ne kawai irin nata.

A ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu mata ne ke shiga gari kullum. Da hantsi za mu ɗora gammo, mu ɗauki ƙwaryar nono da man shanu da curin fura, ni a baya da ƙaramar ƙwaryata. Goggo da Yafendo sun fi mazan gidanmu iya Hausa nesa ba kusa ba, har habaici da baƙar magana. Amma in mai saye ya tsaya yana taya man shanu da wulaƙanci, Goggo za ta yi masa murmushi ta ce, "Haba ɗan nan, ƙara dai," sannan ta jefa wa Yafendo kalma biyu da Fillanci ba tare da ta waiwaya ba: kada ki rage, zai dawo. Kuma yakan dawo. Bashi ma da Hausa suke binsa, ko a wajen 'yan'uwa ne, domin abin da kunya ta hana mace ta furta da yaren gida, Hausa kan ɗauke mata nauyinsa. Da mun tsallake kwalta mun kama hanyar gida, ba za ka sake jin Hausa a bakinsu ba sai gobe.

Su Baffa kuwa Juma'a suna Wudil, wani lokaci Alhamis har Maigatari, cikin dillalai da 'yan kamasho. Su dawo su baje tabarma a gindin tsamiya, rediyo na Sashen Hausa na BBC, a yi ta musun jam'iyyun PRP da NPN. Da Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kwana suka yi suna murna, kuma ko ɗaya bai yi ta da Fillanci ba. Fillancin ya rage musu na kiran shanu, da gaida tsofaffi, da in za su munafurci Bahaushe a ciniki. Shi Baffa ƙarami shi ne ma farkon wanda ya fara kiran matarsa da Hausa a gidan, wai ya waye. Goggo ta kalle shi ta maimaita maganarta.

Da aka kawo firamaren UPE, ta karatu kyauta ga kowa, a 1976 an rubuta mu tare da yayyena maza. Su suka zarce, ni aka cire ni a aji huɗu. Rubutun nan da kuke karantawa a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa koyonsa, da goyo a bayana, kuma ina alfahari da shi.

Baban yara Bafillace ne gaba da baya. Bayan an yanke Jigawa daga Kano a 1991 aiki ya mai da shi Dutse, ya dawo da baki na uku. In abokansa sun zo zaure sai ka ji Hausa rabi Turanci rabi, kowa na nuna ya zauna a ofis. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne in muna magana kan kuɗin cefane ko makarantar 'yan mata, da ya ga na fi shi hujja sai ya juye Turanci ya rufe zancen, ya san ba zan bi shi can ba. Shi ne kuma ya ce a daina yi wa yara Fillanci kada a riƙa tsokanarsu a makaranta. Mijina ne, na bi. A lokacin Baffa yana zuwa gidanmu, yana cin tuwona, yana ji ana yi wa yaran nan Hausa, bai taɓa cewa uffan ba. Bakin kasuwar da Goggo ke faɗa ya wuce ƙofar gida, ya shigo har uwar ɗaka, kuma ba mace ce ta shigo da shi ba.

Yanzu ina kallon nawa. Mazan in sun haɗu wajen kallon ƙwallo, ko suna waya da 'yan mata, Turanci ke zubowa don a ji su. Matan kuwa sai za su yi zancen al'ada ko awon ciki mahaifinsu na kusa, sannan murya ta yi ƙasa su koma Turanci, sak yadda Goggo da Yafendo ke komawa Fillanci in baƙo ya shigo.

Autata ma'aikaciyar jinya ce. Ana kawo musu matan rugage waɗanda kullum suke tallar nono da Hausa tsaf, amma in likita namiji ya tambayi inda ke ciwo sai su ja mayafi su yi gum, mijin ya karɓe zancen ya faɗi abin da ya ga dama. Sai ta fitar da mijin waje, ta kira ni a waya ta ce, "Inna, ga wata." In gaishe ta da yarenmu, in tambayi garinsu da shanunsu, a hankali ta gaya mini komai, ni kuma in mayar wa auta da Hausa ta rubuta a kati. Wata tun watan azumi take zubar da jini, mijinta ya ce wa likita zazzaɓi ne.