Ni da tsofaffin libarbar soja

Duk wanda ya ji ina tara tsofaffin libarba na soja, abin da yake fara tambayata shi ne, "To, suna tashi kuwa?" Suna tashi mana. Wasu sun haura shekara 100 a duniya, amma in ka ba su harsashin da aka ƙera su dominsa, ba sa gardama. Inda gizo ke saƙar shi ne gane wane harsashi ne nasu, domin bindigar da ta daɗe haka ta ratsa hannuwa da yawa bayan ta bar bariki, kuma ba kowane hannu ne ya bar ta yadda ya same ta ba.

Sai da na gama da maganar lasisi, na shiga ƙungiyar masu harbi da ke da filinta, sannan na fara nema. Wannan ba abin tsallakewa ba ne, kowace ƙasa da tata dokar. Wadda raina ya fi kwantawa da ita tun farko ita ce Webley Mark VI, wadda sojan Birtaniya suka fara riƙewa a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙirar kamfanin Webley & Scott na Birmingham. Ta ɗan haura kilo ɗaya. In ka danna wani ɗan ƙarfe da babban yatsa sai ta karye biyu, bututun ya sunkuya, kwanson harsashi shida su yi tsalle waje lokaci guda. A gindin ƙotarta akwai zoben da hafsa ke ɗaura igiya ya rataya a wuya, kada ta suɓuce masa a cikin taɓo.

Da aka kawo mini wata, kafin in biya na ce sai wani dattijon maƙerin bindigogi ya duba. Bai ko leƙa cikin bututun ba. Gangar nan mai juyawa, inda harsasai ke zama, ita ya ɗaga wa haske, ya sa farce a kan lambar da ke gefenta ta baya. Lambobin duk an yanke musu ƙafa, rabinsu kawai ya rage.

"Malam, an aske wannan," in ji shi.

Ya yi mini bayani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi irin waɗannan da yawa zuwa kasuwar Amurka, inda harsashinsu na asali, wato .455, yake da wuyar samu. Sai dillalai suka riƙa aske bayan gangar don ta karɓi .45 ACP, wanda ke ko'ina a can. Shiga kam yana shiga, tashi ma yana tashi. Amma a ma'aunin Turai, iyakar matsin da harsashin .455 ke yi in ya tashi shi ne bar 900 (bar ma'aunin matsi ne), na .45 ACP kuwa bar 1,300. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Zai yi tafiya yau, ya yi gobe, ranar da zai durƙushe ba zai yi sallama ba, kuma a nan hannunka ne a kai. Masu irin wannan askakkiyar da suka san abin da suke yi, harsashi mai sauƙin matsi suke sa mata. Ni dai na haƙura har na samu wadda ba a taɓa ba.

A wurin dattijon nan na koyi duba juyin ganga. Bindiga ba komai a ciki, ka ja gudumar, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, baya a hankali ƙwarai, kana kasa kunne. Dole gangar ta ce ƙas, ta kulle, kafin gudumar ta kai ƙarshe. Haka za ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ba guda ɗaya ka ce ka gama ba. In rami bai yi daidai da bakin bututu ba, dalma za ta goge gefe ta fantsamo, kuma galibi wanda ke tsaye kusa da kai ne zai sha. Saboda ɗan tsagin da ke tsakanin ganga da bututu ne ma ba a kai yatsa wurin, wuta ce ke fita.

Wata libarbar sojan Birtaniya, Enfield No. 2, ba ta ba ni wahala sosai ba, sai dai ta sa na yi ta zargin idona. Duk inda na auna, harsashi ƙasa yake sauka. Ashe saitinta na harsashi mai nauyi ne. Lokacin da Birtaniya ta karɓe ta a 1932, kan harsashinta giram 13 ne, wanda ake sayarwa yanzu kuwa bai cika kai giram 10 ba. Mai nauyi yana jinkiri a cikin bututu, bakin bindiga ya riga ya ɗaga kafin ya fita, shi ya sa yake sauka sama. Mara nauyi ya riga ya fice. Wasu kan ɗauki zarto su rage tsinin saitin gaba. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, gara in nemi harsashi mai nauyi, ko in ɗaga hannu kaɗan. A kula kuma, .38 S&W take ci, ba .38 Special ba, sunan ne kawai ya yi kama.

Amma in ana maganar wadda ta fi kowacce ban mamaki, Nagant ce ta 1895. Ɗan Beljiyam ne ya tsara ta, Léon Nagant na birnin Liège, sojan Rasha suka ɗauka, aka ci gaba da ƙera ta a birnin Tula na Rasha, har zuwa 1945 ana fitar da sababbi. Harsashi bakwai take ɗauka. In ka ga harsashin sai ka ce an manta ba a sa masa kai ba, domin kan yana can ciki ya nutse, kwanson ya zarce shi tsawo. Da ka ja gudumar, gangar ba juyawa kawai take yi ba, tana matsawa gaba, bakin kwanson ya shige cikin bututu ya toshe tsagin nan da na ambata. Na sha zama ina ɗana ta ba harsashi, ina kallon gangar tana zuwa tana komawa. Dabara ce mai kyau, amma yatsa ne ke biyan kuɗinta. Jan kunamarta ba tare da ka fara ɗana guduma ba aiki ne ja wur, kafin ta tashi hannu ya fara rawa, saiti ya gudu. Ga ɗuri, ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a dama, fitar da kwanso ma ɗaya bayan ɗaya da ɗan sanda. Ni da nake tsaye a inuwa, ba mai harbina, sai da gumi ya karyo mini. Sojan da ya yi wannan da safar hannu a sanyin Rasha, Allah kaɗai ya san abin da ya gani.

Tsohon harsashin soja da ake samu nata yana da nasa sharrin. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana barin gishiri a cikin bututu, gishiri kuwa yana jan danshi. Mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Don haka ranar da na harba shi, ranar nake wankewa da ruwan zafi, in busar sarai, sannan in shafa mai. Wanda ya bari sai an kwana biyu zai tarar da jan tsatsa. In kuma na ja kunama na ji shiru, ba na saurin sake ja. Ina barin bakin yana kallon allon bara, in ƙirga talatin, domin tsohon harsashi kan yi jinkirin tashi, kuma in gangar ta riga ta juya, ba bututu a gabansa. Haka in ƙarar ta fito a raunane, nan take nake tsayawa in duba ko kan harsashi ya maƙale a ciki.

Yanzu in aka miƙo mini wata, tambarin jikinta nake fara karantawa. Ɗan kibiyar nan mai ƙafa uku alama ce ta kayan gwamnatin Birtaniya, kambi da haruffan BNP kuma shaidar gidan gwajin bindigogi ne na Birmingham. Na kuma duba ko lambar ganga da ta bututu da ta jiki duk ɗaya ce. Dillali zai rantse maka cewa wannan ta je yaƙin Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya, alhali Somme a 1916 aka yi shi, ita kuwa ga 1918 a buge a gefenta. Wadda ta fi sa ni ja da baya ita ce mai sheƙi fiye da kima. An goge ta da inji an sake mata baƙi, kusurwoyinta sun zama dunƙule, haruffan sun dushe. Kwanan baya aka nuna mini wata haka, tana walƙiya, na juya ta sama da ƙasa ina neman shekarar ƙira, na tarar goga ta cinye lambobi biyun ƙarshe. Na mayar wa mai ita, na ɗauki wata koɗaɗɗiya da ke gefe, wadda kube ya cinye mata baƙin baki amma kowane harafi nata yana karantuwa.