Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Buɗe Kan Injin Babur ɗin Tsere

Makon jiya mun tsaya a lokacin da garejinmu na Garwa ya fara karɓar baburan tsere. Yau labarin zai ɗan dakata a yi maganar injin kansa, domin sai da shi za a fahimci abin da ke tafe.

Babur irin Yamaha YZ125, mai bugu biyu, ba a jira ya fara ƙara kafin a buɗe shi. Awoyin aikinsa ake ƙirgawa. In ana matsa masa a fili, bayan awa 15 zuwa 20 a sauya fistin da ringi, ko da yana tashi lafiya lau. A ƙasarmu ma gara a gaggauta, saboda ƙurar hunturu. Soson tace iska kuwa duk fita sai an wanke shi, ya bushe sarai, a shafe shi da mansa, a sa giris a bakinsa. Yashi kaɗan ya wuce, ya karce rufin cikin silinda, wato siririn shafen ƙarfe mai tauri da ke bangonta, kuma wannan silinda ba a gurza ta kamar ta babur ɗin haya. Sai dai a sake mata rufi ko a sayi sabuwa.

Da an ɗaga silinda, a toshe bakin gidan karanshaf da tsumma mai tsabta tun kafin a taɓa kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistin. Kilif ɗaya ya faɗa ciki, sai an raba injin biyu. A kama kanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, a ja shi sama da ƙasa: ɗan motsin gefe ba laifi, amma na sama da ƙasa ko ƙiris bai halatta ba, boris ya tafi.

Sabon ringi a sa shi cikin silinda shi kaɗai, a auna tazarar bakinsa yadda littafin injin ya ce. In ta yi kaɗan, zafin injin zai kumbura shi ya cije. Kibiyar kan fistin ta dubi salansa. Kilif sabo dole, bakinsa sama ko ƙasa, ba gefe ba. Notocin kan silinda a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo.

Injin mai bugu biyu ana haɗa masa man inji da fetur. Haɗin 30:1 ne, wato mililita 100 na man inji a lita 3 ta fetur. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, ban yarda da shi ba sam, yakan zo da ruwa da datti.

Kada a hau nan take. A tayar ya ɗumama, a kashe ya huce sarai, sau uku, sannan a sake duba notoci da ruwan lagireto.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai kafireta.