Ashe ni nake kiwon sauron gidana

Wata biyu ina fama da sauro a bayan gida. Na yi feshi, na kunna maganin sauro, har maƙwabci na yi wa gorin kwatarsa. Jiya na ɗaga tsohuwar tayar da na jingine a bango tun bara, sai ga ruwan sama kwance a cikinta, 'yan tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil. Ina girgiza ta suka nutse ƙasa gaba ɗaya. Wallahi kunya ta kama ni.

Ashe daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ne kawai in ana zafi. Feshina manyan yake kashewa, na baya kuma suna nan tafe.

Na zubar da ruwan, na huda tayar, na kife bokitai, na rufe duro. Kaskon da ke ƙarƙashin tukunyar fure ma sai da na dirje shi da soso, don ƙwan wani nau'in sauro mannewa yake a jikin mazubi, ya yi watanni a bushe bai mutu ba.

Maƙwabcin nan kuwa, har yanzu ina neman bakin da zan ba shi haƙuri.